Daren da Muka Rufe Rumfa da Wuri

Har yau in na tuna ƙarfe biyar na yammacin Asabar ɗin nan sai raina ya sosu. Ni ce da bakina na ce mu tattara kaya mu tafi, gobe ma rana ce.

Mu huɗu muka kama rumfa a bikin baje kolin manyan motoci na kwana biyu, da sunan 'yar ƙungiyarmu mai tallafa wa marayu da matan direbobin da suka rasu a bakin aiki. Mahaifina direban tanka ne, kuma a kan titi ajali ya riske shi, don haka abin a jinina yake. A jikin allon rumfar na rubuta ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023, cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya. Muka jera huluna, riguna da 'yan motocin wasan yara, ga asusu a tsakiya, ga na'urar karɓar kuɗi da kati.

Duk lissafina a kan 'yan kallo na ɗora shi. Sun zo kuwa, fili ya cika maƙil, amma hoto ya kawo su. Uba zai saya wa ɗansa motar wasa, ya jefa canji a asusu, su wuce wajen wata babbar mota ƙirar Volvo FH da aka zane mata jiki. Direbobi kuwa ko ɗaya bai leƙo mu ba. Na ji haushi, har na ce a zuciyata, dubi mutanen da muke wahala domin iyalan 'yan uwansu. Wannan zargin ya fi komai damuna yanzu, don ban yi musu adalci ba.

Ashe direban da ya sa motarsa a gasar da ake yi a bikin ba ya matsawa daga gindinta da rana. Alƙalai na zagayawa, suna duba har bayan taya, da tankin mai, da cikin kan motar. Ga yara suna dafa ƙofa suna barin shatin yatsu a inda aka kwana ana gogewa. Shi ya sa za ka ga kowanne da tsumma a aljihun baya. Sai 'yan kallo sun watse sannan suke samun kansu: a kunna fitilun motoci, a fito da kujeru, a yi ta hira har dare ya raba, kowa ya hau gadon da ke bayan kujerarsa ya kwanta. Lokacin nan ni ina gida ina barci.

Da safiyar Lahadi ina buɗe rumfa sai ga wani dattijo, faratansa baƙi ƙirin da man goge ƙarfe. Shi ne mai tsohuwar Scania 143 ɗin nan, mai injin V8 na lita 14, wadda jama'a suka yi ta yi wa layi.

Ya ce, "'Yata, ina kuka shiga jiya?"

Na ce, "Baba, mun tashi ne da muka ga an watse."

Ya girgiza kai. Wai tun da rana ya hango allonmu daga nesa, da dare ya ɗauki bokitin wankin motarsa ya bi layi-layi, kowane direba ya zuba abin da ya sawwaƙa. Wajen ƙarfe tara suka zo su kusan goma, suka tarar da rumfa a rufe, babu fitila, babu ko lambar waya a jikin allo. Wasunsu da asuba za su kama hanya, kuma bai so kuɗin jama'a ya kwana a hannunsa, sai suka miƙa wa wata rumfar agaji da suka samu a buɗe. Na san alherin ya je inda ake buƙatarsa, amma da ya nuna mini da hannu iya inda bokitin ya cika, sai da na zauna.

Ban ƙara jiran kowa ba. Na bar mutum biyu a rumfa, na rungumi asusu na shiga bin motoci ɗaya bayan ɗaya. Nan na koyi cewa ba a taɓa motar mutum sai da izininsa, kuma ba a fara masa da maganar kuɗi. Tambaye shi shekarar motar, da nisan da ta ci. Wani mai DAF ya yi minti goma yana ba ni labarin abokinsa da barci ya sace a kan sitiyari, sannan ya zaro walat ba tare da na roƙa ba. Cikin awa uku na tara fiye da abin da muka samu duk yinin Asabar.

Sai dai Lahadi ba ta da dare. Ana gama raba kofuna aka tayar da injina, kowa na sauri don lodin Litinin na jiransa. Dare ɗaya tak ne a bikin, shi ne kuma na bayar da hannuna.

In za ku kama irin wannan rumfa, tun wajen biyan kuɗin fili ku tambayi masu shirya bikin ko an yarda masu rumfa su zauna bayan an rufe ƙofa. Ku zo da fitila mai caji, ku cika batirin na'urar kati, ku raba aiki gida biyu don kada gajiya ta kore ku gaba ɗaya kamar yadda ta kore mu. Ku rubuta lambar waya da manyan baƙi.

Iyalai biyu da muka so mu ɗauke wa nauyin karatun yara a wannan zangon sai da suka jira na gaba. Ni ce na kira su na faɗa musu.