Abin da haɗa ruwan sigarin lantarki ya koya mini game da filebo

Ƙorafin da na fi ji daga masu haɗa ruwan sigarin lantarki a gida guda ɗaya ne: “Na zuba filebo amma ba na jin komai.” Kafin ka buɗe baki ma mutum ya riga ya yanke shawarar ƙarawa. Abin da aikin nan ya nuna mini shi ne, sau da yawa ƙarin ne ya kashe ƙamshin tun farko.

Kowane filebo yana da inda yake tsayawa. Yana hawa har ya kai ƙarshen ƙarfinsa, idan aka wuce nan sai ya juya. Wani ya koma warin sabulu ko roba, wani ya kama maƙogwaro, wani kuma ya dushe kawai kamar ba a zuba ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi yaudara, domin mai haɗawa zai ɗauka ƙaranci ne, ya sake antayawa. Iyakar kuma ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Na FlavourArt da ake yi a Italiya masu ƙarfi ne, yawancinsu kashi 1 zuwa 3 cikin 100 sun wadatar, alhali na TFA da Capella na Amurka da dama sai sun kai kashi 5 zuwa 10. Wanda ya ɗauki awon wannan ya ɗora wa wancan ya ɓata ruwansa.

Shi ya sa ba na saka sabon filebo cikin haɗi sai na san shi shi kaɗai. Ƙananan kwalabe nake jerawa, wannan kashi 2, wancan 4, na gaba 6, in manna wa kowace takarda mai suna da awo da kwanan wata. Daga mafi rauni nake fara gwadawa. Ƙirga ɗigo ba awo ba ne, domin girman ɗigo ya dogara da bakin kwalba da kaurin ruwan. Sikeli mai auna giram 0.01 shi ne abokin aikin. Sai dai a tuna nauyin ruwayen ba ɗaya ba ne: mililita ɗaya na furofilin gilaikol da ake kira PG giram 1.04 ne, na gilisirin da ake kira VG kuwa 1.26, su biyun nan kuma su ne tushen ruwan sigarin lantarki. A kwalba mai mililita 10, kashi 8 yana nufin mililita 0.8, wajen giram 0.83 ke nan tunda galibin filebo a cikin PG ake narka shi.

Darasin da ya fi wuyar shiga kan mai koyo shi ne jira. Ruwan da aka haɗa yau bai gama zama abin da zai zama ba. Na kayan marmari kan daidaita cikin ’yan kwanaki, na kirim da kastad sai sun yi mako biyu zuwa huɗu a wuri mai duhu kafin su tsimu, har launinsu ya ɗan yi ja. Ka girgiza kastad a ranar farko ka zuƙa, za ka rantse babu komai a ciki. Idan ka ƙara a ranar, bayan wata guda zai gundure ka tun zuƙar farko.

Wani lokacin kuma ruwan lafiyarsa lau, hanci ne ya gaji. Mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jinsa, kuma hanci yana sabawa, kamar mai fesa turare ɗaya kullum da ya daina jin ƙamshin jikinsa alhali na nesa na ji. Maganinsa a sha ruwa, a huta, a canza wani ɗanɗanon na kwana biyu. Sannan a duba na’urar. Tsohon koyil, wato wayar da ke zafafa ruwan, da auduga mai baƙi ba za su fitar da ƙamshi ba ko da me aka zuba. Na’ura mai wuta da yawa tana tururar da ruwa mai yawa a zuƙa ɗaya, don haka ba ta buƙatar filebo kamar ƙaramar na’ura. Haka ma ruwan da VG ya rinjaya yakan danne ƙamshi, PG ne ke ɗauko shi. Sinadaran zaƙi irin su sukuralos da etil maltol ma ina taka-tsantsan da su: na farko yana saurin ƙona koyil, na biyu idan ya yi yawa ya lulluɓe sauran ɗanɗanon.

Idan an riga an cika, ba a zubarwa, sirkawa ake yi. Mililita 30 mai kashi 15, idan ana son ya dawo kashi 10, sai a ƙara mililita 15 na ruwan da babu filebo, ya zama 45. Amma ruwan sirkin dole ƙarfin nikotin ɗinsa ya yi daidai da na farko, in ba haka ba an gyara abu ɗaya an sauya wani.

Akwai dalilin da ya fi daɗin baki da ya sa nake nacewa a rage. An tantance waɗannan filebo ne don ci, ba don shaƙa ba, kuma huhu ba ciki ba ne. Sinadarin dayasetil mai ƙamshin bota ya lalata huhun ma’aikatan wata masana’antar gugguru a jihar Mizuri ta Amurka, abin da ya fito fili a 2000, kuma ana samunsa a wasu filebon kirim, shi ya sa nake karanta bayanin kamfani kafin in buɗe kwalba. Filebo mai maiƙo kuwa ko kusa da shi ba a zuwa. Cutar huhun da ta ɓarke a Amurka a 2019, wadda aka danganta da bitamin E asetet mai maiƙo, galibi a ruwan da ke ɗauke da sinadarin wiwi, ta kwantar da mutum 2,807 a asibiti ta kashe 68 zuwa Fabrairun 2020. Wanda ba ya shan taba, ba na ba shi shawarar ya fara wannan don ƙamshi. Wanda kuma ya riga ya shiga, ya sa safar hannu idan zai taɓa nikotin domin yana ratsa fata, kwalaben kuma a kulle su inda hannun yaro ba zai kai ba, musamman masu ƙamshin alewa.