Mafarkin majinyaci tsakanin homiyofati da asibiti

Ba kasafai likitan asibiti yake tambayar majinyaci abin da yake gani a barcinsa ba. Yakan tambayi ko ana samun barci da kuma awa nawa ake yi, daga nan sai ya wuce zuwa awon jini da bugun zuciya. Mai maganin homiyofati kuwa (wata hanyar jinya ce dabam da ta asibiti, da ake amfani da magungunan da aka tsarma ƙwarai), wanda zamansa na farko da majinyaci kan ɗauki awa ɗaya ko fiye, da wuya ya tashi bai tambaya ba: "Me kake gani a mafarki? Akwai wanda yake yawan dawo maka? Da wane hali kake farkawa?" Na daɗe ina nazarin wannan tambaya, kuma matsayata a kanta ita ce tambayar tana da daraja ƙwarai, har ya kamata asibiti ya koye ta, amma abin da masu homiyofati suke yi da amsar ba shi da hujjar da za ta tsayar da shi.

Wanda ya kafa wannan hanya likita ne Bajamushe, Samuel Hahnemann, wanda aka haifa a 1755 ya kuma rasu a birnin Paris a 1843. A 1790 ya sha ɓawon itacen sinkona, wanda daga gare shi ake samun kwinin, sai ya ce ya ji alamomi irin na zazzaɓin cizon sauro alhali lafiyarsa ƙalau. Daga nan ya gina ƙa'idar da ya bayyana a 1796, cewa abin da ke haifar da wasu alamomi a jikin mai lafiya shi ne zai warkar da irinsu a jikin mara lafiya. Domin sanin aikin kowane magani, sai ya riƙa ba masu lafiya su sha, su kuma rubuta duk abin da suka ji a kwanakin da suka biyo baya: ciwon kai, ƙishirwa, fushi, tsoro, har da abin da suka gani a barci. Ta wannan ƙofa mafarki ya shiga homiyofati, ya zauna daidai da tari ko ƙaiƙayi a matsayin alamar ciwo. A 1897 wani likitan Amurka, James Tyler Kent, ya fitar da babban kundin da ya jera alamomi tare da magungunan da aka danganta da kowacce, kuma a babin barci akwai dogon jerin mafarkai, na faɗowa daga sama, na matattu, na gobara, na ɓarayi, na macizai, kowanne da sunayen magunguna a gabansa.

A ɗauki misalin wata mata da ta zo da ciwon kai na shekaru. Mai maganin zai saurare ta tsawon lokaci, ya ji cewa tun rasuwar mahaifiyarta ba ta son a yi mata ta'aziyya, ta fi son ta kulle ɗaki ta yi kukanta ita kaɗai. Can sai ta ce tana yawan mafarkin ɓarayi sun shigo gida, kuma idan ta farka hankalinta ba ya kwanciya sai ta tashi ta duba ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. A wajensa magana ta ƙare, domin littattafansu sun haɗa wannan mafarki da ɓoye baƙin ciki a ƙarƙashin maganin da ake yi da gishiri. Da macizai take gani, da tunaninsa ya tafi ga wanda ake yi da nonon karya. Da wahalar tafiya mai nisa ko aiki mai gajiyarwa take gani, da ya duba wanda ake yi da wani tsiro mai sa ƙaiƙayi da ke fitowa a Amurka ta Arewa. Idan ta dawo bayan wata guda ta ce yanzu a mafarkin ita ce take korar ɓarayin, sai ya ɗauki hakan a matsayin shaidar cewa waraka ta fara daga ciki. A ƙarni na 20 wasu sun ƙara faɗaɗa wannan fahimta, irin su Edward Whitmont, wanda ya haɗa homiyofati da nazarin zuciya na Carl Jung, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwizalan, da Rajan Sankaran na birnin Mumbai a Indiya, wanda yake ganin mafarki na cikin wuraren da ainihin damuwar mutum take fitowa ba tare da ya yi mata kwalliya ba.

Tsarin yana da jan hankali, kuma na fahimci dalilin da ya sa mutane masu ilimi suke ƙaunarsa. Sai dai akwai matsaloli biyu da ban ga yadda za a tsallake su ba. Ta farko ita ce yadda aka tara mafarkan. Idan aka ba mutum ashirin wani abu suka sha, aka ce su rubuta mafarkinsu na mako uku, dole a sami wanda ya ga maciji da wanda ya ga ɓarawo, ko da ruwan rijiya aka ba su, domin waɗannan na cikin mafarkan da 'yan Adam suka fi yi a ko'ina. Yawancin tsofaffin gwaje-gwajen ba a yi su tare da wani rukuni da ya sha ƙwayar da babu komai a cikinta don a kwatanta ba, kuma masu shan sun san ana jiran su ji wani abu. Wasu na baya-bayan nan ma sun kai ga sa maganin a ƙarƙashin matashin kai su kwana, da safe su rubuta abin da suka gani a matsayin aikinsa. Ta biyu ita ce maganin kansa. Ana ɗaukar kashi ɗaya a zuba cikin kashi 99 na ruwa ko barasa, a girgiza, a ɗebi kashi ɗaya daga wannan a sake zubawa cikin wani 99, haka har sau 30 a da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa. Lissafin kimiyyar sinadarai ya nuna cewa daga wajen tsarmawa ta 12 da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin abin a cikin kwalbar. Gishirin da aka ba matar nan bai kai wanda ke cikin hawayenta ba, hasali ma babu shi.

Hukumomin da suka zauna suka auna hujjojin sun iske abin da ake tsammani. A 2010 kwamitin kimiyya da fasaha na majalisar wakilan Birtaniya ya ce magungunan homiyofati ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta aiki ba. A 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta ce babu wata cuta da aka sami ingantacciyar shaida cewa homiyofati na warkar da ita, kuma daga farkon 2021 inshorar lafiya ta gwamnatin Faransa ta daina biyan kuɗin waɗannan magunguna.

Duk da haka, waɗanda suke cewa sun ji sauƙi ba ƙarya suke yi ba, kuma raina maganarsu rashin adalci ne. Wani bincike da aka yi a jami'ar Southampton a Ingila, aka wallafa a 2011, ya raba masu ciwon kumburin gaɓɓai ta yadda za a iya bambance amfanin zama da mai magani da amfanin ƙwayar. Waɗanda suka sami doguwar tattaunawar sun ga sauƙi a wasu ma'aunai, kamar zafin ciwo da kumburi da yanayin zuciya, kuma babu bambanci ko ƙwayar homiyofati aka ba su ko ta sukari zalla. A nan nake ganin mafarki yake aikinsa na gaskiya. Matar da ta shekara tana danne baƙin cikinta ba za ta iya cewa "ina jin an bar ni ba mai kare ni" ba, amma za ta iya ba da labarin ɓarayi da ƙofofi, kuma idan ta sami mai sauraro da bai katse ta ba, ta faɗi abin da ke cinta ke nan ba tare da ta ji kunya ba. Wanda ya sauke irin wannan nauyi yakan yi barci mai kyau, mai barci mai kyau kuwa jikinsa ya fi jure ciwo, kuma mafarkinsa ma yakan sauya. Ba a buƙatar wani sirri a cikin kwalba kafin a bayyana wannan.

Alaƙar mafarki da jiki kuwa tabbatacciya ce, kuma an lura da ita tun kafin Hahnemann da ƙarnuka masu yawa. Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya yi hasashen cewa ƙananan alamomin ciwo, waɗanda hidimar rana ke rufewa, za su iya bayyana a barci. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman a jami'ar Chicago suka gano wani mataki na barci da idanu ke kai-kawo a ƙarƙashin fatarsu, wanda a cikinsa ake yin mafi yawan mafarkai masu fitowa sarai, kuma daga baya aka fahimci cewa a wannan lokaci ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓɓai don kada mai barci ya aikata abin da yake gani. Dannau ba komai ba ne illa mutum ya farka wannan ɗaurin bai sake shi ba tukuna. Zazzaɓi mai zafi na kawo mafarkai masu rikitarwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro na meflokwin, da efabirenz da ake ba masu cuta mai karya garkuwar jiki, da wasu magungunan hawan jini, duk an san suna haddasa munanan mafarkai, haka ma daina shan giya ko maganin ciwon damuwa farat ɗaya. Mai munsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin dare yana iya mafarkin ana shaƙe shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Carlos Schenck da Mark Mahowald suka bayyana a 1986 a jihar Minnesota. Dattijo ne, yawanci wanda ya haura hamsin, mai sanyin hali da rana, amma da dare sai ya riƙa kai naushi da shuri yana ihu, wani lokaci har ya faɗo daga gado ko ya ji wa matarsa rauni, idan an tashe shi kuma ya ce yana kare iyalinsa ne daga wani da ya kawo musu hari. Ɗaurin nan na gaɓɓai ne ya lalace. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa kusan uku cikin huɗu na masu wannan matsala sun kamu da cutar Parkinson, wata cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwar jiki, ko danginta cikin shekara 12. Irin wannan mutum idan ya faɗa hannun wanda zai buɗe kundi ya nemi "mafarkin faɗa" ya ba shi ƙwayar sukari, an tambaye shi abin da ya dace, an kuma mayar da shi gida ba tare da an tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ba. Wannan ne ya sa ba na ɗaukar lamarin a matsayin abin da ba ya cutarwa.

Akwai kuma hanyar jinya da ke aiki da mafarkin kansa, wadda aka gwada ta kuma tsaya. Ana koya wa mai fama da mummunan mafarki mai maimaituwa ya zauna da rana, ya sauya labarin yadda yake so, ya rubuta, sannan ya riƙa maimaita sabon a zuciyarsa na 'yan mintuna kullum. A 2001 Barry Krakow da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi da mata 168, waɗanda kusan dukkansu an taɓa yi musu fyaɗe ko wani cin zarafi makamancinsa, inda bayan zama uku kacal munanan mafarkan suka ragu, barci ya gyaru, sauran alamomin firgicin ma suka yi sauƙi. Tasirin zuciya a kan jiki ke nan ta hanyar da za a iya aunawa, kuma abin takaici ne cewa majinyata da yawa ba su taɓa jin labarinta ba.

Saboda haka wanda mafarkinsa ya sauya bayan fara wani sabon magani, ko yake duka da ihu cikin barci, ko yake farkawa yana neman numfashi, ko mummunan mafarki ya hana shi kwanciya tun bayan wata masifa da ta same shi, ya faɗa wa likitansa ko ba a tambaye shi ba, ya kuma tafi da wanda suke kwana ɗaki ɗaya, domin shi ne yake ganin abin da mai barcin ba ya gani.