Ranar da aka buɗe ƙirjin ƙanena

Ni fa kalmar nan "ta bazu" na tsane ta wallahi. Ranar da likita ya nuna mana hoton CT ɗin ƙanena, ɗigo biyu a huhun dama kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba, Hajiyarmu salati kawai ta saka, don a wajenmu in aka ce cutar kansa (ciwon daji) ta kai huhu shikenan sai addu'a.

Daga gwiwa abin ya faro, kansar ƙashi wai ita osteosarcoma, muka ɓata wata huɗu wajen mai ɗori (har yau abin na cina a rai), ƙarshe dai aka yanke ƙafar aka yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Ashe ita in za ta yi ƙaura jini take bi, kuma huhu ne masaukinta na farko.

Sai likitan ya ce za a iya cirowa. Kawu ya yi tsalle ya dire, wai ai daji in wuƙa ta taɓa shi haukacewa yake. Likitan bai ji haushi ba, ya ce Baba ba kowa muke yi wa ba, sai wanda aka gama da tushen ciwon, bai je hanta ko wani waje ba, kuma huhun da zai rage zai riƙe shi. Bai mana alkawarin komai ba, ya ce tana iya dawowa, in ta dawo wani lokacin a sake shiga.

Abin da ya fi ban mamaki, akwai aikin kyamara ta ƴan ƙananan huji amma shi ya zaɓi buɗewa ta tsakanin haƙarƙari, wai yana so ya lalube huhun da yatsunsa don hoto na ɓoye ƙanana. Ai kuwa ya samo na uku, kamar ƙwayar gero! Ba huhun aka cire ba, yanka-yanka aka yi aka ɗebe wajen.

Ƙanena ya farfaɗo da roba a gefen ƙirji ta sauka cikin kwalbar ruwa, in ya yi tari sai ruwan ya yi ɓulɓul, ni ko sai in zabura. Nas ta kawo balan-balan ta ce Yaya ki tsaya a kansa ya dinga hurawa, yana hura yana harara ta.

Wata mai zuwa za mu koma hoto na uku. Hajiya tun yanzu ta daina barci.