Abin da tsutsotsin bakin teku suka koya mini game da guba da ƙwayoyin gado

Duk wanda ya taɓa jin warin baragurbin ƙwai ya san iskar haidirojin salfaid, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ɗaya daga cikin iskokin da ke sumar da masu yasar shadda, wani lokacin har a rasa rai. Yadda take kisa kusan ɗaya ne da na gubar sayanaid: tana shiga maitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta da ke samar da kuzari, ta toshe enzayim (furotin mai gudanar da wani aiki a jiki) na ƙarshe, wanda ta hanyarsa ne jiki ke amfani da oksijin. Sai ya zama ga oksijin a jiki amma jiki ya kasa cin moriyarsa. Duk da haka akwai halittun teku marasa ƙashin baya da suka mai da taɓon da ke cike da wannan guba gidansu. Karatun yadda suke yi ya canza mini yadda nake kallon ilimin ƙwayoyin gado gaba ɗaya, wato rubutattun umarnin da jiki ke gada daga iyaye, wanda da su yake ƙera furotin.

A ƙarƙashin yashin bakin teku oksijin ba ya nisa. Can ƙasa bakteriya ne ke cin ruɓaɓɓun abubuwa, suna numfashi da gishirin salfet na ruwan teku, suna fitar da salfaid. Tsutsar Arenicola marina, wadda ta cika gaɓar tekun arewacin Turai, tana zaune a rami cikin irin wannan yashi. Idan ruwa ya cika tana tura shi ta cikin raminta, ya kawo mata oksijin ya wanke gubar. Idan ruwa ya janye, ramin ya tsaya cik, oksijin ya ragu, salfaid ya taru. Sau biyu a rana haka ke faruwa, har iyakar rayuwarta. Wato ba hatsari ne da ke zuwa sau ɗaya ba, abokin zama ne.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kayan aikin da wannan tsutsa ke kare kanta da su ba nata ba ne ita kaɗai. A shekarar 2008 Tatjana Hildebrandt da Manfred Grieshaber, a jami'ar Düsseldorf ta Jamus, sun nuna cewa enzayim uku ne ke karɓa-karɓa wajen mai da salfaid ya koma tayosalfet, wanda ba shi da wata guba ta a zo a gani. Na farkon, da ake taƙaita sunansa da SQR, shi ke fara kama salfaid ya kwashe masa lantarki ya zuba a layin samar da kuzari, sauran biyun su ƙarasa. Abin mamakin, a hantar ɓera ma sun samu wannan hanyar. Mu ma muna da ita, da ita ne bangon hanjinmu ke maganin salfaid ɗin da bakteriyan ciki ke fitarwa. Yaran da aka haifa da lahani a ƙwayar gadon ETHE1, mai samar da enzayim na biyu, salfaid kan taru a jikinsu ya lalata musu ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jini. Tun daga nan na daina fara tambayar wace sabuwar ƙwayar gado halitta take da ita. Abin da nake fara tambaya shi ne yaushe take kunna wadda kowa ke da ita, da wane ƙarfi, a wane sashen jiki, kuma yaushe take kashe ta.

Kan wannan tambaya masu bincike a Jami'ar Nazarin Teku ta Sin da ke Qingdao sun daɗe suna aiki da Urechis unicinctus, wata ƙatuwar tsutsa da ake ci a Koriya da lardin Shandong. Sun ga idan aka sa ta cikin ruwa mai salfaid, saƙon da ƙwayar gadon SQR ke aikawa don a ƙera enzayim ɗin yana ƙaruwa, musamman a fatar jiki da ƙarshen hanji, inda ruwa ke taɓawa kai tsaye. Ba su tsaya nan ba, suka bi sawun masu kunna ta, suka samu furotin irin su HSF1 da Sp1 da NF1 suna ɗafewa a bakin ƙwayar gadon. HSF1 an fi saninsa da farkar da jiki idan zafi ya yi yawa. Ashe jiki ba ya ƙera sabuwar ƙararrawa ga kowace masifa, tsohuwar yake ja wa sabuwar igiya.

Sai dai a nan ne nake ganin ake yawan gaggawa. Yau da injin karanta ƙwayoyin gado ya yi araha, abu ne mai sauƙi a fitar da jerin ɗaruruwan ƙwayoyin gado da suka tashi bayan an zuba salfaid, a ce ga sirrin juriya. Tashin saƙo bai tabbatar an ƙera furotin ba, ƙera furotin kuma bai tabbatar yana aiki ba. Wani tashin ma kukan ciwo ne. A 2010 wani bincike daga ɗakin gwajin David Julian a Jami'ar Florida ta Amurka ya nuna cewa tsutsar Glycera dibranchiata, wadda ake lissafawa cikin masu jure salfaid, sinadarin gadonta na samun lahani idan ta sha gubar. Tana rayuwa, amma tana biyan kuɗin gyara. Ita ma hanyar SQR ba kyauta take ba, sai da oksijin take tafiya, shi kuwa shi ne abin da ya fi ƙaranci a ramin. Idan ya ƙare ƙaf, Arenicola kan koma samar da kuzari ba da oksijin ba, ta lallaɓa da ɗan abin da ta samu har ruwa ya dawo.

Gwajin kansa yana da tarko. Salfaid na cinye oksijin ɗin ruwa, don haka in ba a kula ba abin da ake aunawa ƙarancin iska ne, ba guba ba. Yana kuma gudu daga tanki, abin da aka zuba da safe ba shi ne ake da shi da yamma ba. Tsamin ruwa ma na da ta cewa, domin shi ke yanke nawa ne daga cikin salfaid ɗin zai kasance a siffar da ke ratsa fata cikin sauƙi.

Canji na haƙiƙa a rubutun gado, wanda ake gada daga kaka zuwa jika, na fi ganinsa a fili a can ƙasan teku. A 1977 jirgin nutso Alvin ya sauka kimanin mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, aka tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kewaye da tsutsar Riftia pachyptila, mai kai tsawon mita biyu, ba baki ba hanji. A 1981 Colleen Cavanaugh da abokan aikinta suka nuna cewa bakteriya ne a cikinta ke ƙona salfaid su haɗa mata abinci. Alissa Arp da James Childress kuma suka gano himoglobin ɗinta, wato furotin ɗin jini mai dakon oksijin, na ɗaukar salfaid da oksijin a lokaci guda, kowa da mazauninsa, ya kai wa bakteriyan ba tare da gubar ta taɓa mai ɗauke da ita ba. Da aka karanta dukkan rubutun gadonta da na 'yar'uwarta Lamellibrachia luymesi ta Mashigin Tekun Meksiko, an ga wani reshe na ƙwayoyin gadon himoglobin ya ninku sau da yawa. Wannan ba sabo ba ne na kwana ko na wata, aikin zuriya ne bayan zuriya.

Saboda haka duk binciken da ya ce halitta ta dace da salfaid don an maimaita mata shi, ina neman abu biyu a ciki. Na farko, a maimaita gubar yadda teku ke maimaita ta, da hutu a tsakani, a auna jiki a zagayen farko da na baya, har da lokacin hutun, domin a hutun ne ake gyaran ɓarna, a nan ne kuma za a ga ko ƙwayar gadon ta koma barci ko ta zauna cikin shiri. Na biyu, a ɗauko 'ya'yan masu zama cikin salfaid da 'ya'yan waɗanda ba su san shi ba, a rene su a ruwa ɗaya mai tsabta, sannan a gwada su. An yi irin wannan da kifin Poecilia mexicana na maɓuɓɓugan salfaid a kudancin Meksiko, aka ga wani ɓangare na bambancin ya bi 'ya'yan har ɗakin gwaji. Yin haka da tsutsotsin teku ya fi wuya, domin da yawansu ƙananansu kan yi yawo a ruwa kafin su sauka su haƙa rami, renonsu kuma yana cin lokaci da kuɗi. Amma shi ne gwajin da ke raba abin da tsutsa ta saba da shi a rayuwarta da abin da ta gada.