Abin da Shagon Gem Ya Koya Mini Kan Ƙarin Labari

Ƙarshen watan nan na ajiye aiki a shagon gem ɗin da nake kula da shi a Gusau. Tunda yaran da muka saba suna ta kirana suna tambayar wane ƙari (wato sabon babin labari da ake saya a ɗora kan gem) za su fara, wane za su jinkirta, gara in rubuta kowa ya gani.

Duk wanda ya san shagon ya san ƙwallo ce ke kawo kuɗi. Masu wasan dogon labari, irin wanda za ka raini jarumi tun ba shi da ko takobin kirki har ya ƙasaita, 'yan kaɗan ne, kuma da yawansu sun kamu ne a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, ba hira ba kallo, sai zama gaban allo. Amma su ne masu dawowa kullum, domin sebin ɗinsu, wato ajiyar inda suka tsaya a wasa, yana cikin injinmu. Ni nake riƙe da littafin da ke nuna inda kowa ya tsaya.

A Yunin 2024 kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar da Shadow of the Erdtree, ƙarin gem ɗin Elden Ring. Oga ya ga ana ta zancensa a Facebook, ya saya, muka kwana ana saukewa, data na ƙonewa, janareta na shan mai. Da gari ya waye ya ce a rubuta a ƙofa cewa sabon gem ya iso, kowa ya zo ya buga.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba a shigarsa haka nan. Sai mutum ya kashe bos ɗin nan Radahn a yankin Caelid, ya gangara ƙarƙashin ƙasa ya kashe wani bos ɗin, Mohg, sannan ƙofar take buɗewa. Cikin yaranmu babu wanda ya kai ga Mohg."

Ya ce, "To kai mene ne amfaninka? Ka buɗe musu."

Na buɗe. Bayan an tashi nake zama in yi ta fama har na kayar da Mohg da jarumina, shi kuma ya sa aka riƙa miƙa wa duk wanda ya biya kuɗin awa wannan sebin ɗin. Abin da na faɗa shi ya faru. Ƙarfin jarumi daban, hannun mai riƙe da shi daban. Masu wasan da dama suna ba da shawarar a kai mataki 120 zuwa 150 kafin a shiga, kuma ko ka kai, ƙasar da ke cikin ƙarin tana da nata ma'aunin: sai ka bi lungu-lungu kana tsintar gutsattsarin bishiyar Scadutree kafin dukanka ya yi tasiri, kafin kai ma ka iya jure nasu. Wanda bai taɓa koyon kaucewa sara ba ina zai san wannan? Akwai wani yaro ɗan sakandare da ya tara kuɗin tararsa ya biya. Ina kallonsa, zakin nan mai rawa na Belurat, wani bos a farkon ƙarin, yana ta maka shi da ƙasa, ko rabin jinin bos ɗin bai taɓa ci ba. Da lokacinsa ya cika ya ajiye hannun gem ɗin a hankali, ya sa takalminsa ya fita. Bai sake neman wasan labari ba, ko ƙwallon ma wani shagon ya koma.

Da ciniki ya ƙi, Oga ya tsaya gaban kwastomomi ya ce ni na lalata saitin don in nuna na fi kowa iyawa, ya kuma cire kuɗin ƙarin daga albashina. Ban ce komai ba, don ya girme ni kuma a shagonsa nake. Amma littafina yana nan, kuma duk yaron da ya bi tsarin da na shimfiɗa masa ya gama wasansa da hannunsa.

Da rarrafe yaro kan tashi. Ranar da aka sayi ƙari ba ita ce ranar buga shi ba, labarin da hannun mai wasa su ke faɗin lokaci. Dubi The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan. Ƙarinsa na farko, Hearts of Stone na 2015, labari ne mai zaman kansa a kewayen birnin Oxenfurt, ana iya ratsawa a yi shi da zarar an haura mataki 30, a dawo kan babban labari ba a rasa komai ba. Ƙari na biyu, Blood and Wine na 2016 kuwa, duk da yana karɓar ɗan mataki 34, ni ban taɓa barin yaro ya tafi Toussaint, ƙasar da ƙarin yake, bai gama neman Ciri, yarinyar da ake nema a babban labarin, ba. Can Geralt, jarumin wasan, yake samun gida da gona ya huta, kuma wanda zai ziyarce shi a ƙarshe ya danganta da zaɓin da ka yi a babban labarin. In ka riga ka ga hutun, komawa fagen yaƙi ba ta da armashi. Phantom Liberty, ƙarin gem ɗin Cyberpunk 2077, wanda ya fito a 2023, akasin haka ne: yana buɗewa a tsakiya, bayan aikin unguwar Pacifica, kuma yana iya ƙara maka wata hanyar ƙarewa, saboda haka a shige shi kafin aikin ƙarshe.

Sauran ƙanana ne. Kafin a shiga kowane ƙari a ware sebin daban. Kada a ba sabon shiga jarumin wani, ko da ya roƙa. A duba ƙarin ya dace da yankin faifan da ke hannu kafin a biya, don in suka saɓa ba zai hau ba.

Littafin na bar wa yaron da zai gaje ni, da sunan kowa da matakinsa da bos ɗin da ya tsaya a kai. Na ce masa in Oga ya sake sayo wani ƙarin, ya nemi a rubuta umarnin a takarda kafin ya buɗe wa kowa. Kuɗin da aka cire mini har yau ba a mayar ba.