Tsibirin Matattu, da Ido da Kunne

Yau Asabar ruwan sama ya hana ni fita tun hantsi, sai na zauna gaban kwamfuta ina nazarin zanen nan na Arnold Böcklin, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ake kira Tsibirin Matattu. Sau biyar ya zana shi tsakanin 1880 da 1886, kuma wanda na buɗe shi ne na uku, na 1883, da ke ajiye a Berlin.

Abin da ke cikinsa bai da yawa. Tsibiri ne na dogayen duwatsu a tsakiyar ruwan da ko motsi ba ya yi, an sassaƙa ƙofofin kaburbura a jikin dutsen, a tsakiya kuma wasu bishiyoyi masu tsini, irin na maƙabartun Italiya, sun cunkushe har duhunsu ya rufe abin da ke bayansu. Wani ƙaramin kwalekwale ya doshi mashigar, matuƙi na can baya, wani kuma na tsaye lulluɓe da farin mayafi tun daga ka har ƙafa, akwatin gawa a gabansa.

Wannan na tsaye shi ya riƙe ni har azahar, domin ya ba mu baya. Masu sharhi da dama suna cewa matuƙin shi ne Charon, mai ƙetarar da rayuka a tatsuniyoyin Girkawa, na tsayen kuma mamacin ne cikin likkafaninsa. Sai dai Böcklin bai taɓa fassara zanen ba, sunan ma wani dillalin zane, Fritz Gurlitt, ya raɗa masa a 1883. A 1880 kuwa wata mata, Marie Berna, wadda mijinta ya rasu shekaru da dama kafin nan, ta je wurin aikinsa a Florence ta nemi ya yi mata irinsa, kuma a nata ne aka ƙara akwatin da mai farin mayafin. Saboda haka ni a ganina mai rai ce tsaye a wurin, ta yi wa mijinta rakiya har inda ba a barin mai rai ya wuce.

Bayan la'asar na saurari kiɗan da Sergei Rachmaninoff, ɗan Rasha, ya tsara a 1909, bayan ya ga hoton zanen baƙi da fari a Paris. Ya gina farkonsa kan bugu biyar, biyu sannan uku, wanda ke tangaɗi kamar yadda filafili ke shiga ruwa ya fito, daga baya kuma ya sako Dies irae, tsohuwar waƙar jana'iza ta cocin Katolika. Farkon nan ya dace da zanen ƙwarai. Amma a tsakiya kiɗan ya kumbura ya koma kururuwa, kuma a nan na rabu da shi, domin na duba zanen lungu da saƙo ban ga mai kuka ko ɗaya ba.