Har yanzu ban ga wanda ya cike gurbin Ibro ba

Duk wanda ya tashi a Damagaram lokacin kaset da sidi ya san yadda abin yake, da an yi sallar isha'i sai yara su cika gidan kallo a Birni ko Zango, wanda ba shi da kuɗin shiga ya tsaya bakin ƙofa yana leƙe, kuma in ka ji ɗaki ya ɗauka da dariya gaba ɗaya to ba sai ka tambaya ba, Ibro ne a tele.

Sunansa Rabilu Musa, an haife shi a 1971 a Ɗanlasan cikin ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Abin da matasan yanzu da yawa ba su sani ba shi ne kafin fim aikin gandiroba ya yi, shekaru yana tsaron gidan kaso sannan ya ajiye kaki ya rungumi wasan kwaikwayo. Ni kam a ganina can ya karanci mutane, don wanda ya zauna da ɓarawo da mai bashi da wanda aka zalunta kullum, ai ya ga halin ɗan Adam ba rufi.

Shi ya sa barkwancinsa ya sha bamban. Ba wai ya ɓata fuska ko ya faɗi ƙasa kawai ba, a'a, yau zai fito ɗan kabu-kabu gobe malamin tsibbu jibi mai gadi, kuma kowanne sai ka rantse ka taɓa ganinsa a Kasuwar Dole, yadda zai tsaya ana masa faɗa ya ƙura ido kamar bai gane ba sannan ya saki magana guda wadda za ta kwance kowa, wallahi wannan baiwa ce daga Allah amma akwai aiki da lura a ciki. Mu Hausawa dama muna da 'yan kama da 'yan gambara tun kaka da kakanni, masu tsayawa gaban jama'a su ba da dariya, Ibro wannan gadon ya ɗauko ya sa gaban kyamara. Talaka yake nunawa, da yunwarsa da dabararsa da ƙaryar da yake yi don ya tsira, shi ya sa iyaka ba ta tare shi ba, mu nan Nijar namu muka ɗauke shi.

Kuma bai sha da daɗi ba. A 2008 lokacin da hukumar tace finafinai ta Kano ta matsa wa 'yan fim, kotu ta ɗaure shi wata 2 a kan fim ɗin Ibro Aloko. Abin ya taɓa mu sosai a fadarmu ta hira, mutumin da ya yi gadin kaso ga shi a ciki.

Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014 a Kano, yana ɗan kimanin shekara 43, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Su Bosho da Daushe sun ci gaba kuma suna ƙoƙari, ga yaranmu na Zinder masu barkwanci a TikTok da Facebook, ina kallonsu ina jin daɗi, roƙona dai su rage zagi da tsiraici su fita kasuwa da tasha su saurari yadda mutane ke magana kafin su kunna waya.